Tiyatar ɗage fuska: yadda ake yin ta, abin da take gyarawa da haɗarin da ke cikinta

Tiyatar ɗage fuska aiki ne da likitan fiɗa ke yi don mayar da naman kumatu, muƙamuƙi da wuya zuwa inda suke kafin shekaru su sassauta su. Ana yanka fata ta gefen kunne, a ɗaga ta, a ja abin da ke ƙarƙashinta sama a ɗaure, sannan a yanke rarar fatar a ɗinke. A littattafan likitanci sunanta ritidektomi, daga kalmomin Girkanci biyu masu ma'anar tamoji da yankewa. Sunan yana ruɗar mutane, domin ba tamoji ne aikin ya fi magancewa ba. Abin da yake gyarawa shi ne saukar nama: kumatun da suka zubo, naman da ke reto a gefen haɓa, da fatar wuya da ta saki. Ƙananan layukan gefen ido da na kewayen leɓe, da ɗigon duhu da rana ke bari, da dushewar fata, duk suna nan yadda suke bayan an sallami mutum daga asibiti.

Yadda fuska ke tsufa

Fuska hawa-hawa take. Fata ce a sama, ƙarƙashinta kitse, ƙarƙashin kitsen wata shimfiɗa ta tsoka da tantani, sai jijiyoyin da ke motsa fuska, sannan ƙashi. Akwai kuma wasu maɗaurai masu ƙarfi da suka taso daga ƙasa suka ratsa waɗannan hawa har zuwa fata, suna riƙe da su kamar yadda turke ke riƙe da dabba. Wani likitan Amurka, David Furnas, ya yi bayaninsu dalla-dalla a 1989.

Tsufa yana taɓa kowane hawa ta hanyarsa. Fata na rasa kolajin da ilastin, sinadaran da ke ba ta kauri da talewa, kuma zafin rana da hayaƙin taba suna gaggauta wannan asara. Kitsen fuska, kamar yadda Rod Rohrich da Joel Pessa na birnin Dallas suka nuna a 2007, a rabe yake cikin aljihuna daban-daban. Wasu suna tsotsewa su bar rami, wasu suna gangarowa su taru inda maɗauri ya tare su. Wannan taruwa ce ke zurfafa layin da ya taso daga gefen hanci zuwa gefen baki. Shi kansa ƙashi yana raguwa: kwarmin ido na faɗaɗa, muƙamuƙi na ƙanƙancewa, musamman ga wanda haƙoransa suka zube. Sai a wayi gari mayafin ya fi abin da yake rufewa girma.

Baƙar fata tana da nata tsarin. Yawan sinadarin melanin yana kare ta daga ɓarnar rana, shi ya sa ƙananan tamoji kan makara wajen bayyana a fuskar ɗan Afirka idan aka kwatanta da Bature tsaransa. Abin da ya fi fitowa shi ne nauyin tsakiyar fuska, zurfin layin gefen hanci, taruwar nama a ƙarƙashin haɓa, da rashin daidaiton launi.

Daga jan fata zuwa ɗaga abin da ke ƙarƙashinta

Aikin ya samo asali a Turai a farkon ƙarni na 20. Eugen Holländer, likita a Berlin, ya rubuta daga baya cewa a 1901 ya yanke 'yan guntayen fata a gefen kunnen wata mata 'yar masu sarauta daga Folan, bisa roƙonta. Wani Bajamushen, Erich Lexer, shi ake dangantawa da matakin da ya biyo baya a 1916, wato raba fata da naman ƙarƙashinta kafin a ja ta. A Faransa, Suzanne Noël, wadda ta yi aikin gyaran fuskokin sojojin da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya raunata, ta wallafa littafi a kan tiyatar kwalliya a 1926. Hujjarta ta tattalin arziki ce: ta ga mata ma'aikata suna rasa abin yi da zarar tsufa ya bayyana a fuskarsu.

Kusan shekara hamsin aikin bai wuce fata ba. Matsalar kuwa ita ce fata tana talewa. Idan aka ɗora mata nauyin kumatu, cikin 'yan watanni ko shekara za ta sake saki. Likitan da ya so ya riga wannan sakin sai ya ƙara ja, sakamakon ya zama fuskar da kowa ke ganewa daga nesa: baki ya miƙe gefe, kumatu sun yi sumul ba bisa ɗabi'a ba, tabo ya faɗaɗa, ƙasan kunne ya jawu ya manne da kunci.

Sauyin ya zo daga Siwidin. Tord Skoog na Jami'ar Uppsala ya fara shiga ƙarƙashin tsokar wuya da tantanin kunci yana ɗaga su tare da fata, ya kuma bayyana hanyar a littafinsa na 1974. Bayan shekara biyu, a 1976, Vladimir Mitz da Martine Peyronie na Paris suka bayyana wannan shimfiɗa a matsayin abu guda da ya taso daga gefen goshi ya sauka har wuya, suka ba ta sunan da likitoci ke taƙaitawa da SMAS. Ita ba ta talewa kamar fata, saboda haka tana iya ɗaukar nauyi. Tun daga lokacin ƙa'idar aikin ta zama guda: a ɗora ja a kan SMAS, a shimfiɗa fata a kai ba tare da matsi ba. Duk sunayen da ake tallatawa a yau bambancinsu bai wuce yadda kowanne ke sarrafa wannan shimfiɗa ba.

Hanyoyin da ake bi a yau

Mafi sauƙi ita ce naɗewa. Bayan an ɗaga fata, likita ba ya yanka SMAS. Yana tattare ta da ɗinki kamar yadda tela ke rage faɗin riga ba tare da ya sa almakashi ba. Hanyar ba ta kusantar jijiyoyin motsi, kuma ta dace da mai siririyar fuska wanda ba a son a rage masa nama. Kusa da ita akwai yanke wani siririn yanki na SMAS a gaban ƙullin yawu na gefen kunne, a haɗa bakin biyu a ɗinke. Daniel Baker na New York ne ya yaɗa wannan a shekarun 1990, kuma ta fi dacewa da mai cikar fuska.

Akwai kuma ɗaga SMAS kanta a matsayin wani falle na daban. A nan fata na tafiya wata fuska, SMAS na tafiya wata: ana jan SMAS sama sosai, fata kuma a kwantar da ita baya kaɗan. Wannan yana ba likita iko biyu, amma yana buƙatar lokaci da haƙuri, domin a wasu mutanen shimfiɗar siririya ce mai saurin yagewa.

Hanya mai zurfi, wadda ta fi kowace suna a 'yan shekarun nan, Sam Hamra na Dallas ne ya bayyana ta a 1990. Likita yana raba fata kaɗan kawai, sai ya nutsa ƙarƙashin SMAS, ya yanke maɗauran da ke riƙe da kunci, ya ɗaga fata da kitse da SMAS gaba ɗaya a dunƙule. Amfaninta biyu ne. Tunda an saki maɗauran, nama na hawa ba tare da an ja shi da ƙarfi ba, har tsakiyar kunci inda sauran hanyoyin ba sa isa sosai. Tunda kuma ba a raba fata da naman ƙarƙashinta ba, jini na ci gaba da isa gare ta da kyau. Wahalarta ita ce wurin da ake aikin nan ne rassan jijiyar motsin fuska suke bi, don haka hannun da bai goge ba bai kamata ya shiga ba.

Ga wanda saukar namansa ba ta yi nisa ba, akwai hanyoyi masu gajeren tabo. Sananniya a cikinsu ita ce MACS, wadda Patrick Tonnard da Alexis Verpaele na birnin Ghent a Beljiyam suka gabatar a 2002. Yankan yana tsayawa a gaban kunne, ana zagaya zaruruwa biyu ko uku cikin SMAS kamar bakin jaka, a ja su sama tsaye a ɗaure a tantani mai ƙarfi na gefen goshi. Warkewa ta fi sauri, amma ba ta wadatar da wanda fatar wuyansa ta saki da yawa.

Wuya kan buƙaci aikinsa na musamman. Faffaɗar tsokar da ta lulluɓe gaban wuya tana rabuwa biyu da tsufa, gefunanta su fito kamar igiyoyi. Ta wani ɗan yanka a ƙarƙashin haɓa ake rage kitse, a haɗa gefunan a tsakiya a ɗinke. Likitoci da dama kuma suna ɗebo kitse daga ciki ko cinya su cike ramukan kunci da ƙasan ido a zama ɗaya, domin ɗagawa ba ta mayar da abin da ya tsotse. Goshi da fatar ido ba sa cikin aikin; kowanne tiyatarsa daban, ko da yake ana iya haɗa su.

Wace ce ta fi? Talla na da amsa a shirye, bincike kuwa bai yanke hukunci ba. A wani nazari da aka wallafa a 1996, likitoci a New York sun yi wa mutane hanya mai sauƙi a ɓangare ɗaya na fuska da hanya mai zurfi a ɗaya ɓangaren, kuma bayan shekara ba a iya ganin bambanci ba. Masu goyon bayan hanya mai zurfi suna cewa fifikonta sai an daɗe yake bayyana, musamman a tsakiyar kunci. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne siffar fuskar mutum da ƙwarewar likita a hanyar da ya saba sun fi sunan hanyar tasiri.

Ranar aiki da kwanakin jinya

Ana yin aikin ko dai da maganin barci gaba ɗaya, ko da allurar kashe zafi haɗe da maganin kwantar da jiki. Yakan ɗauki awa uku zuwa biyar, ya fi haka idan an haɗa da wuya da ido. Yankan da aka saba yana farawa cikin gashin gefen goshi, ya sauko ta gaban kunne yana bin lanƙwasarsa, ya kewaya ƙasan kunne, ya hau ta bayansa, ya ɓace cikin gashin ƙeya. Ga namiji akwai ƙarin lissafi, domin fatar da gemu ke tsirowa a kanta tana matsawa baya, har wasu su koma yin aski a bayan kunne. Macen da ke kitso ko ɗaure gashi sama ya kamata ta tambayi inda tabon bayan kunne zai tsaya tun kafin a fara.

Wasu likitocin suna barin siririn bututu don fitar da ruwa da jini, a cire shi bayan kwana ɗaya ko biyu. Ana warware ɗinki tsakanin kwana biyar zuwa goma. Kumburi da kwanciyar jini suna kai mako biyu zuwa uku, kuma a lokacin ne yawanci ke komawa aiki. Dindiris a kunci da kunne kan ɗauki watanni. Tabo kuwa sai ya shekara kafin ya kai kamarsa ta ƙarshe. An fi ƙiyasta cewa amfanin aikin na kai kimanin shekara goma. Tsufa ba ya tsayawa a tsawon wannan lokaci. Yana ci gaba ne daga inda aka mayar da fuskar.

Inda haɗarin yake

Matsalar da ta fi aukuwa ita ce taruwar jini a ƙarƙashin fata, galibi cikin awa 24 na farko. Alamarta ciwo mai tsanani da kumburi a ɓangare ɗaya. Ba ta jiran wayewar gari: idan ba a buɗe an kwashe jinin ba, zai iya kashe fatar da ke samansa, babba kuma zai iya matse hanyar numfashi. Hawan jini ne babban sanadinta, kuma ta fi kama maza saboda yawan jijiyoyin jini a fatar gemu. Baker da abokan aikinsa sun ruwaito a 2005 cewa tsananta kula da hawan jini ya rage ta a tsakanin maza daga kusan kashi 9 zuwa kusan kashi 4 cikin ɗari. Asfirin, ibufurofen, magungunan tsinka jini da wasu haɗe-haɗen ganye suna ƙara haɗarin, shi ya sa ake son mutum ya faɗi duk abin da yake sha, har da na gargajiya.

Jijiyar da aka fi raunatawa ita ce mai kai ji zuwa ƙasan kunne. Wadda aka fi tsoro kuma ita ce jijiyar motsin fuska, mai rassa biyar da ke ratsa ƙullin yawu su bazu zuwa goshi, ido, kunci, leɓe da wuya. Taɓa reshe ɗaya na iya hana gira tashi ko ya karkatar da murmushi. Yawancin irin wannan rauni na warkewa cikin makonni ko watanni, wanda ke dawwama kuwa bai kai ɗaya cikin ɗari ba.

Taba sigari ita ce babbar abokiyar gabar wannan aiki. Nikotin na tsuke ƙananan jijiyoyin jini, fatar da aka ɗaga kuwa da su kaɗai take rayuwa. Wani nazari na Thomas Rees da abokan aikinsa a 1984 ya gano cewa mutuwar fata ta ninka kusan sau goma sha biyu a tsakanin masu shan taba. Likitoci na buƙatar a daina makonni kafin aiki da bayansa, kuma hukuncin ya haɗa da shisha. Ciwon suga da ba a daidaita ba na jinkirta warkewa, mai cutar sikila kuma yana buƙatar shiri na musamman kafin a ba shi maganin barci.

Abubuwa biyu sun fi shafar mai baƙar fata. Na farko shi ne kiloyid, tabon da ke ci gaba da girma ya wuce iyakar rauni, ya yi tudu mai tauri da ƙaiƙayi. Ya fi yawa a tsakanin 'yan Afirka, kuma ƙasan kunne da bayansa, daidai inda yankan ke bi, suna cikin wuraren da ya fi so. Yadda hujin ɗan kunne, ko tsaga, ko tsohon rauni ya warke alama ce da likita zai duba, haka ma tarihin dangi. Ana yaƙarsa da allurar sitiroyid da mannin silikon, amma yana da dawowa. Na biyu shi ne man bilicin. Yawancin waɗannan mayuka na ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, ko haidirokwinon, ko ma sinadarin makuri. Sitiroyid na sirantar da fata har jijiyoyi su bayyana, irin wannan fata kuwa ba ta riƙe ɗinki da kyau, tana jinkirin haɗewa, tana saurin kamuwa da ƙwayoyin cuta. Ɓoye wa likita amfani da su ganganci ne.

Akwai kuma wanda bai kamata a yi wa aikin ba ko da lafiyar jikinsa ƙalau. Wasu na fama da larurar ƙwaƙwalwa da ke sa su ga muni a inda kowa bai gani ba. Irin wannan mutum ba ya gamsuwa da sakamako, kuma maganinsa na wurin likitan ƙwaƙwalwa.

Hanyoyin da ba na wuƙa ba

Allurar Botox, wadda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don kwalliya a 2002, tana sanyaya tsokar da ke tattare goshi na wata uku zuwa huɗu. Allurar cike rami tana kai wata shida zuwa shekara ɗaya da rabi. Idan ta shiga jijiyar jini bisa kuskure tana iya kashe fata, a wasu lokuta ƙalilan har ta makantar. Zare mai ƙaya da ake zurawa ƙarƙashin fata yana ɗagawa kaɗan, zaren ya narke cikin watanni, amfanin kuma da wuya ya wuce shekara ɗaya ko biyu. Babu ɗaya daga cikinsu da ke cire rarar fata.

Halin da ake ciki a Najeriya

Likitocin gyaran jiki na ƙasar nan suna samun ƙwarewa ta Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma ko Kwalejin Ƙasa ta Horar da Ƙwararrun Likitoci, kuma suna da ƙungiya mai suna NAPRAS. Mafi yawan aikinsu na larura ne: ƙuna, tsagewar leɓe, raunin hatsari, da fuskokin yaran da cutar noma ta ci, waɗanda asibitin yara na musamman da ke Sakkwato ke kulawa da su tun 1999. Dabarun ɗage fuska ma suna amfani a nan, misali ga wanda ɓarin fuskarsa ya shanye. Tiyatar kwalliya zalla ta fi yawa a asibitocin kuɗi na Legas da Abuja, kuma inshorar lafiya ta ƙasa ba ta biyan ta.

Rajista da hukumar likitoci ta ƙasa, wato MDCN, tana nuna cewa mutum likita ne, amma ba kowane likita ne ya yi horon gyaran jiki ba. Mai neman aikin yana da haƙƙin ganin shaidar ƙwarewa, ya san wanda zai ba da maganin barci, ya kuma san ko akwai ma'aikatan kwana da ɗakin kulawa ta gaggawa. Fita waje ba ya kawar da waɗannan tambayoyi. 'Yan Najeriya ba su manta da rasuwar uwargidan shugaban ƙasa, Stella Obasanjo, a Sifen a watan Oktoban 2005 ba, bayan tiyatar zuƙe kitse. Kotun ƙasar ta sami likitan da laifin sakaci a 2009. Wanda ya je Turkiyya ko wata ƙasa kuma ya hau jirgi bayan 'yan kwanaki yana ƙara wa kansa haɗarin daskarewar jini a ƙafa, kuma duk matsalar da ta taso daga baya za ta same shi nesa da wanda ya yi aikin.

Ta fuskar addini, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, wadda ke ƙarƙashin Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, ta tattauna tiyatar gyaran jiki a zamanta na 18 a Putrajaya ta Malesiya a 2007. Ta halatta aikin da ke dawo da gaɓa zuwa siffarta ko amfaninta, da gyaran nakasar haihuwa, da ta ƙuna, hatsari ko cuta. Game da kawar da tamoji ta hanyar tiyata ko allura, matsayinta shi ne bai halatta ba sai idan abin ya kai matsayin cuta, kuma da sharaɗin an aminta daga cutarwa.